Cukun Amurka Ba Abincin Attajirai Ba Ne

Maudu'in wannan makon zai sosa wa wasunmu rai, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Akwai wata ɗabi'a da ta kama mu. Da zarar mun so nuna cewa jaruminmu ɗan masu kuɗi ne da ya yi karatu a Amurka, sai mu zaunar da shi a teburin cin abinci, mu sa kuku ya jera masa tuffa da inabi. Sannan a ɗauko daga firji yankan cukun nan mai ruwan ɗorawa da ke naɗe a leda, ya ɓare ya ci da sanyinsa yana yatsina. Duk wanda ya taɓa zama can, in ya karanta, dariya zai yi ya rufe littafin. Abincin leburori da 'yan makaranta muka ɗauka muka naɗa wa rawani.

Mu fara sanin abin tukuna. Wannan cuku na masana'anta ne. Ana narka cuku, a gauraya shi da wani gishiri da ke hana mai da ruwa rabuwa, sannan a daskarar da shi. James Kraft, ɗan kasuwa a Cikago, ya sami takardar mallakar wata fasahar sarrafa cuku a 1916, kuma burinsa shi ne cukun ya daɗe bai lalace ba. Sojojin Amurka sun ci shi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1950 kamfanin Kraft ya fara sayar da shi a yanke. A ƙarshen 1981 gwamnatin Ronald Reagan ta fara raba wa marasa ƙarfi rarar irinsa da ta tara a rumbuna. Abin da aka raba wa talakawa kyauta, shi muke ba ɗan minista ya yi taƙama da shi.

To da me ake cinsa? Amsar tana cikin halinsa. Yana da gishiri, yana da maiƙo, ɗanɗanonsa ba ƙarfi, kuma in ya ji wuta yakan narke sumul ba tare da ya tsinke ya zubar da mai ba. Saboda haka abu biyu yake nema: zafi, da wani abu mai tsami ko yaji da zai kashe maiƙon.

Shi ya sa gidansa na farko shi ne boga. Ana ɗora shi kan niƙaƙƙen naman sa tun yana kan wuta, a ƙara albasa da kokwamba mai tsami. Na biyu, a sa shi tsakanin yankan burodi biyu, a shafa bota a soya a kasko, a ci da miyar tumatir mai zafi. Wannan abincin yara ne ranar sanyi, kuma tsamin tumatir ne ke daidaita shi. A Filadelfiya ana zuba shi kan naman sa da aka yanka siriri aka soya da albasa, a cusa cikin dogon burodi. A Teksas ana narka Velveeta da tumatir da koren barkono, a riƙa tsoma soyayyen fallen masara. A ƙananan shagunan unguwa na birnin New York, ma'aikata kan sayi burodi da ƙwai da cuku su ci a tsaye kafin su kama jirgin ƙasa. Sau da yawa akan haɗa da naman alade, don haka jaruminmu Bahaushe sai ya ce a cire masa. Wannan 'yar maganar kaɗai za ta fi shafi guda na lissafin motoci nuna cewa ya zauna can.

Wani zai ce ai labari ne, wa zai lura? Masu karatu suna lura. Da Bature zai rubuta cewa mutanen Kano suna shan fura da miyar kuka, da mun yi masa ca, kuma da mun daina yarda da sauran abin da ya faɗa. Haka mai karatu yake. In ya kama mu da ƙarya a kan faranti, ba zai gaskata hawayen jarumarmu a babi na goma ba.

Abin takaicin, muna da namu cukun. Wanda makiyaya ke busarwa a yankunan Tawa da Agadas, ana cinsa da shayi, ana kuma daka shi a fura. Sau nawa muka ga an ba shi ko sakin layi ɗaya a littattafanmu? Mun tsallake wanda ke kasuwarmu mun je aron wanda ba mu san yadda ake cinsa ba.

Ba muna cewa kada jarumi ya ci cukun Amurka ba ne. Ya ci, amma mu ɗora masa shi a wuta, mu ba shi burodi da tumatir, mu sa ya ci ranar da aljihunsa ya yi sanyi a ɗakin ɗalibai. In kuwa ba mu san abinci ba, mu yi tambaya kafin mu rubuta, matambayi ba ya ɓata. Kowa ya koma kan rubutun da yake yi yanzu, ya duba abin da ya zuba wa jarumansa a faranti.

Allah ya ƙara mana basira.