Karta ta kwamfuta: gwaninta ce ko aljihu?

Akwai wata gardama da ta daɗe tana ci a tsakanin masu wasan karta ta kwamfuta da wayar salula, tun daga Amurka da Turai har ƙasar Sin, kuma har yau ba ta da alamar mutuwa. Wasu na cewa duk wanda ya zuba kuɗi a cikin wasan, galaba ya saya a kan ɗan'uwansa. Wasu kuma na cewa wannan kukan ragwaye ne, waɗanda aka kayar a fage suka koma suna zargin aljihun wani. Mai karatu yana iya ganin zancen bai kai a ɓata masa tawada ba. To amma harka ce da kamfanoni ke tara miliyoyin daloli da ita, kuma duk gidan da yaro ke riƙe da waya mai intanet, ƙofarsa a buɗe take gare ta.

Kartar da aka saba da ita, irin bilot da samari ke bugawa a fada, kati 32 ne a tsakiyar tabarma. A cuɗa, a raba, kowa da rabonsa. Ɗan alhaji da ɗan ga-ruwa daga dami ɗaya suke ja. A shekarar 1993 ne wani masanin lissafi Ba'amurke, Richard Garfield, ya fito da wasan Magic: The Gathering, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya buga, ya kuwa juya wannan ƙa'ida baibai. A nan kowane ɗan wasa shi ne ke zuwa fage da nasa damin, wanda ya haɗa daga katunan da ya mallaka, su kuwa katunan a ƙunshi rufaffe ake sayar da su, ba a sanin abin da ke ciki sai an biya an yage. Kowane kati da irin ƙarfinsa, wani a banza ake samunsa, wani sai an buɗe ƙunshi da yawa. Wannan tsari ne aka ɗauko daga takarda aka zuba a cikin na'ura, kuma wanda ya fi kowa yaɗa shi shi ne kamfanin Blizzard, da wasansa Hearthstone na 2014.

Shiga Hearthstone kyauta ne, kuma a kan wannan kalma ta kyauta aka gina komai. Ana zuwa fage da kati 30. Kowane ƙunshi kati 5 ne, ana sayensa da kuɗi na gaske, ko kuma da zinariya 100 ta cikin wasa wadda ake tarawa sannu a hankali ta hanyar bugawa kullum. Katunan ƙunshi daraja huɗu ne, na sama shi ne katin alfarma. A 2017, da hukumomin Sin suka tilasta wa kamfanonin wasa su bayyana lissafin sa'ar da ke cikin irin wannan ƙunshi, Blizzard ya faɗi nasa: a matsakaici, katin alfarma ɗaya a cikin ƙunshi 20. Wanda bai dace da abin da yake so ba yana iya niƙe katunan da ba ya buƙata su zama ƙura, ya ƙera wani da ita. Ga farashin da aka kafa wasan da shi: ƙera katin alfarma ƙura 1600, niƙe shi ƙura 400. Katin gama-gari kuwa in an niƙe shi 5 yake bayarwa, wato sai an niƙe 320 kafin a samu na alfarma guda. Ɗan kasuwar da aka ce ya sayi haja a kan jika 16, in zai mayar a karɓa a kan jika 4, kuma a rumfa ɗaya tak a duk garin, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Masu kare wannan tsari suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Kati ba ya buga kansa. A ba wa sabon shiga dami mafi tsada, a ba wa gwani dami mai araha, gwanin ne zai fi yawan ci. An ma gwada an gani: a farkon shekarun wasan, wani ɗan wasa Ba'amurke, Jeffrey Shih, wanda aka fi sani da laƙabin Trump (ba shi da wata dangantaka da na fadar shugaban ƙasa), ya buɗe sabon asusu ba tare da kashe ko sisi ba, ya hau har matakin ƙoli a idon dubban masu kallo. Kusan kowane zamani ana samun dami mai araha da ke kayar da masu tsada. Bugu da ƙari, na'ura tana haɗa mutum ne da sa'ansa a mataki, saboda haka mai kuɗin da ba shi da kai zai hau kaɗan ya tsaya inda aka fi ƙarfinsa. Kuma akwai iyaka: wanda ya mallaki duk katunan da ake buƙata, ko ya ƙara zuba miliyan, katinsa ba zai fi na wani ƙarfi ba. Suka ce ke nan kuɗin shiga ne ake biya, kamar mai sayen takalmin ƙwallo.

Duk wannan gaskiya ce. Sai dai an amsa tambayar da ba a yi ba. Babu mai hankalin da ya ce kuɗi na mayar da wawa gwani. Abin tambaya shi ne: in mutum biyu sun yi kunnen doki a gwaninta, ɗaya ya biya ɗaya bai biya ba, wa ke da rinjaye? Misalin Jeffrey Shih bai warware wannan ba, don shi wasan ne sana'arsa, a kansa yake wuni, kuma ya san kowane kati kamar yunwar cikinsa. Nasararsa ta nuna gwanin gwanaye na iya haye katangar; ba ta nuna babu katangar ba. Malamin lakkol ko sakataren ofis da ke da rabin awa bayan sallar isha'i, ba shi da wannan jari na lokaci. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Rinjayen da kuɗi ke bayarwa a nan zaɓi ne, kuma a irin wannan wasa zaɓi rabin nasara ne. Damuna suna cin junansu: wannan na kayar da wancan, wancan na kayar da na uku, kuma abin da ake yayi yana sauyawa daga mako zuwa mako. Mai katuna da yawa, da ya ga iska ta juya, sai ya ajiye dami ya ɗauki wanda ya dace da ranar. Wanda ya yi wata biyu yana tara ƙura ya haɗa dami ɗaya tilo, dole ya shiga da shi ko ana yayinsa ko an daina. Galibi kuma damin mai araha shi ne na kai hari da gaggawa. Salon wasa mai dogon tunani, wanda ke buƙatar katunan alfarma da yawa, ya zama na masu hali, har ƴan wasan farko suka yi wa wani dami irin wannan laƙabin da ma'anarsa ita ce jarumin jakar kuɗi. Laƙabin raha ne, amma kowa ya san abin da ake nufi.

Sannan misalin takalmin ƙwallo yana da rauni babba: takalmi ba ya daina aiki don kamfanin da ya ɗinka shi ya ce ya daina. A 2016 Blizzard ya kafa tsarin da ke fitar da tsofaffin katuna daga babban fagen gasa kowace shekara, daga 2017 kuma ya koma fitar da sababbin jerin katuna sau 3 a shekara. Wato wanda ke tarawa da guminsa yana bin inuwa ne: kafin ya kammala na wannan zango, na gaba ya fito. Mai kuɗi kuwa tun kafin ranar fitowa ya biya. Shekara da shekaru ana sayar da babban tarin ƙunshi na kafin fitowa a kan dalar Amurka 80, wanda in an juya shi zuwa sefa ya zarce jika 42 da aka tsayar a matsayin albashi mafi ƙanƙanta a Nijar a 2024. Sau uku a shekara ke nan. Fagen ɗaya ne ga ɗan Kalifoniya da ɗan Damagaram, kuɗin shigar ne a wurin ɗaya cefanen yini biyu, a wurin ɗayan gumin wata guda. Gaskiya ne kamfanin ya sassauta daga baya: a 2020 ya hana kati maimaituwa a ƙunshi kafin mutum ya cika jerinsa, a 2021 ya ba kowa aron wani jerin katuna na tushe kyauta. Amma wanda ya rage tsawon katanga ya amsa ke nan cewa da ma akwai ta.

Akwai ma wuraren da ba a ɓoye abin ba. A cikin Hearthstone akwai wani fage mai suna Battlegrounds, wanda aka buɗe a 2019, inda mutum 8 ke karawa kuma babu mai zuwa da katinsa. Kowa daga rumbu ɗaya yake ja, kamar bilot. Nan ne ya kamata a ce aljihu ba shi da ta cewa. To amma a farkon kowace karawa ana ba wanda bai biya ba jarumi 2 ya zaɓi ɗaya, wanda ya biya a ba shi 4, alhali jaruman ba ƙarfinsu ɗaya ba. Da farko ana iya samun wannan dama da zinariyar wasa. A 2022 aka rufe wannan hanya, aka ce sai da kuɗi na gaske. Ko lauyan kamfanin zai sha wuya kafin ya kira wannan kuɗin takalmi.

Wasan Marvel Snap, wanda ya fito a watan Oktoba na 2022, shi kuma kowane wata yakan sayar da tikitin zango a kan dala 10, kusan jika 6, da sabon kati a ciki wanda ba a samunsa ta wata hanya sai zangon ya wuce. A Janairun 2023 katin shi ne Zabu, wanda ke rage farashin wani rukuni na manyan katuna da maki 2, ya kuwa mamaye fage har masu shi suka riƙa tattake marasa shi. Bayan ƴan makonni kamfanin ya yarda ƙarfin ya yi yawa, ya rage shi zuwa maki 1. Ba sai an zargi kowa da mugun nufi ba. Kuskuren awo yana faruwa a kowane wasa. Abin dubawa shi ne wa ya ci ribar kuskuren: waɗanda ba su biya ba sun sha kashi wata guda, waɗanda suka biya an canza musu haja bayan ciniki ya faɗa, kuɗin kuwa sun riga sun shiga.

Wannan shi ne abin da gardamar ƴan wasa ke rufewa. Suna ta cacar baki tsakanin mai biya da marar biya, alhali kuwa a wannan kasuwa mai rumfa shi ne sarkin kasuwa, shi ne mai awo, shi ne alƙali. Katin takarda dukiya ce, komai ƙanƙantarta: ana sayar da shi, ana musanya, ana ba da aro, ana gadonsa. A 2023 mawaƙi Post Malone ya sayi wani katin Magic, wanda guda ɗaya tak aka buga irinsa, a kan dala miliyan 2. A Hearthstone da Magic Arena kuwa ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a musanya. Izinin amfani ne kawai mutum ya saya, ranar da aka kashe na'urar kamfani shi ke nan. In Blizzard ya rage ƙarfin kati yakan mayar da cikakkiyar ƙurarsa na ɗan lokaci, abin a yaba. Sai dai sauran katunan da mutum ya ƙera don su raka shi, waɗannan asararsa ce. Shi kuma marar biya kada ya ɗauka alfarma ake yi masa. Banza ba ta kai zomo kasuwa: ana buƙatarsa ne don mai biya ya samu abokin karawa a kowane lokaci na dare da rana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

An gwada wasu hanyoyin, kuma sakamakon ba mai daɗin ji ba ne. A Nuwamban 2018 kamfanin Valve ya fito da Artifact, da hannun Garfield kansa a ciki, ya ce a biya dala 20 a shiga, katuna kuma a saye a sayar a kasuwa buɗaɗɗiya kamar na takarda. A kwanakin farko wani kati mai suna Axe ya fi wasan kansa tsada. Cikin wata biyu fiye da kashi 90 cikin 100 na ƴan wasan sun watse, a Maris na 2021 kamfanin ya daina aiki a kansa. Shi kuwa Riot, a 2020, ya fito da Legends of Runeterra, inda ba a sayar da ƙunshin sa'a da kuɗi, kuma marar biya na iya tara kusan duk katunan da wasa kawai. Ƴan wasa suka yi ta yabo. A Janairun 2024, lokacin da Riot ya sallami ma'aikata 530, ya bayyana cewa wasan yana cin kuɗi fiye da abin da yake kawowa, ya rage masa ma'aikata, ya karkata shi ga wasa da na'ura maimakon gasar mutum da mutum. Duk wani kamfani da ke tunanin yin adalci ya karanta wannan labari, ya kuma fahimci darasinsa.

Saboda haka gyaran ba daga alherin kamfani zai zo ba, hukumomi kuwa har yanzu gefen matsalar suke taɓawa. Sin ta tilasta a bayyana lissafin sa'a a 2017. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a wasannin da ta bincika caca ne, wasu kamfanoni suka janye su daga ƙasar. Duka biyun ƙunshi rufaffe suka duba, wato ɓangaren da ya yi kama da caca. Jarumi 4 maimakon 2, da katin wata na dala 10, a fili ake sayar da su da farashi a rubuce, kuma babu ɗaya daga cikin dokokin nan biyu da ta shafe su.