A Fito da Masu Sana'ar Hannu Kasuwar Intanet

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in yi kira game da marinan Ƙofar Mata, dukawan Kasuwar Kurmi da masaƙanmu na karkara. Aikinsu ba ya da na biyu, amma ciniki ya ja baya. Dillali yakan sayi kayansu da araha, ya ɗora hoton a Instagram, ya kwashe ribar, mai gumin kuwa ya tashi a tutar babu.

Gyaran yana hannun 'ya'yansu masu manyan wayoyi. A ɗauki hoton kaya da hasken rana, a rubuta farashi da girma a fili. A nuna ɗan bidiyon yadda ake tsoma zane a ruwan baba da toka, ya fito kore-kore, iska ta mayar da shi shuɗi. Mai saye yana son ganin hannun da ya yi aikin. Sannan a riƙe amana: abin da aka nuna shi za a aika, a ranar da aka yi alkawari.

Ina kira ga hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i ta SMEDAN da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su shirya wa matasan nan horo kyauta.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Kano.