Tallan Siyasa a Intanet da Batun 'Yan Nijar: Inda Rahotanni Ke Kuskure

Idan dai ba a manta ba, ranar 31 ga Janairun 2019 gwamnonin Damagaram da Maraɗi sun halarci gangamin Shugaba Muhammadu Buhari a filin wasa na Sani Abacha da ke Kano. Jam'iyyar PDP ta yi zargin cewa ana shirin shigo da baƙi su yi zaɓe, maganar kuma ta mamaye Facebook da jaridu.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda wasu rahotanni ke kiran duk rubutun siyasa da aka gani a intanet da sunan talla. Talla shi ne saƙon da aka biya kamfani kuɗi domin ya kai shi gaban jama'a. A watan Janairun nan ne Facebook ya ce ba zai karɓi tallan zaɓen Nijeriya daga ƙasashen waje ba, amma matakin bai shafi abin da mutum ya rubuta a shafinsa ko ya tura ta WhatsApp ba, alhali ta nan ne jita-jita ta fi isa ƙauyuka.

Haka batun alƙaluma yake. A Mayun 2019 Facebook ya rufe shafuka da asusu 265 masu alaƙa da kamfanin Archimedes Group na Isra'ila, waɗanda suka kashe kimanin dala 812,000 a talla. An kashe kuɗin ne daga 2012 zuwa 2019, a kan ƙasashe da dama, ciki har da Senegal da Togo da ita kanta Nijar. Duk kanun labarin da ya ɗora jimlar a kan zaɓen Nijeriya kaɗai ya ɓatar da mai karatu.

A Hotoro da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni akwai gidajen da auratayya da fatauci suka haɗa da Maraɗi tun kaka da kakanni, su ne kuma ake fara yi wa kallon zargi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar zama na kwana 90 ba tare da biza ba, kodayake Nijar ta fice a Janairun 2025. Zaɓe kuwa haƙƙin ɗan ƙasa ne kaɗai.

Saboda haka muna kira ga dagatai da masu unguwanni, idan aka kawo musu ƙorafin baƙo ya yi rajista, su miƙa shi ga hukumar INEC ko Hukumar Shige da Fice domin bincike.