Daga Teburin Banki Zuwa Kujerar Mulki

Duk wanda ya yi nazarin tarihin marigayi Sadou Hayatou, ɗan gidan sarautar Garwa da aka haifa a 1942, wanda ya shugabanci bankin BICIC kafin a ɗora masa amanar ma'aikatar kuɗi a 1987, daidai lokacin da farashin auduga da koko da man fetur ya faɗi, baitulmalin Kamaru ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, zai fahimci cewa ilmin hisabi, ko da yake sharaɗi ne ga mai riƙon dukiyar al'umma, bai wadatar da shi ba. Da aka naɗa shi Firayim Minista a Afrilun 1991, kasuwanni a rufe suke, 'yan adawa sun ƙaurace wa hukuma, kuma babu lissafin da zai buɗe rumfa ko guda. Sai da ya zaunar da gwamnati da jam'iyyu da wakilan jama'a a Yawunde, aka yi shawara da haƙuri, sannan ƙura ta fara lafawa. A nawa ra'ayi, wannan zaman sulhu ya fi dukan ayyukansa na banki daraja, kuma shi ya kamata attajiran Garwa da Marwa masu sha'awar siyasa su fara karantawa.