Fenti ba ya maganin ɗanyen katako



Duk shekara idan kaka ta yi, kafintocin Hawandawaki da Tasawa da Mayahi ba su samun hutu: wannan yana son gadon amarya, wancan ƙyauren kanti, ma'aikaci kuma teburan lakkol. Abin mamaki, tambayar mai saye guda ce: wane launi za a shafa? Alhali kuwa tambayar da ta fi dacewa ita ce: katakon ya bushe?

Galibin katakon da ake aiki da shi a nan daga dazuzzukan kudancin Nijeriya yake fitowa, ƙasar ruwa da laima. Idan hunturu ya buga shi, sai ya saki ruwan jikinsa, ya tsuke, ya tsage ko ya karkace. Fentin da aka shafa masa yana ɗanye, ɓarewa zai yi. Saboda haka a jera shi a inuwa, da ƴan sanduna tsakanin falle da falle, iska ta ratsa shi makwanni kafin a sa masa zarto.

Na biyu, a san irin icen. Maɗaci da iroko suna da nauyi da ƙarko. Farin katako kuwa abincin gara ne, amma idan aka rina shi ja sai ya yi kama da maɗaci. Kyan ɗan maciji ke nan. Mai saye ya ɗaga kayan ya ji nauyinsu, ya leƙa ƙarƙashi inda launi bai kai ba.

Na uku, shiri. A goge katakon da sanfefa mai lamba 80, sannan 120, sannan 180, ana bin tsawon icen. A share ƙura, a shafa maganin gara, a gwada launin bisa guntun katako tukuna. Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, kowane ya bushe kafin na gaba. Kada a manta da ƙarƙashi da bakin katako, don ta nan laima ke shiga. Ranar da ƙura ta taso, a dakata.

Wanda zai aurar da ɗiya bayan kaka, ya ba da aikin tun da wuri. Ma'aikacin da zai karɓi teburan lakkol, ya duba su tun ba a shafa musu komi ba. Dukiyar al'umma amana ce.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.