Sharhi: Me ake koya wa ɗaliban Ƙonni, Malbaza da Illela, kuma da wane harshe?

A ranar 26 ga Maris ɗin 2025 ne Janar Abdourahamane Tiani ya rattaba hannu kan kundin sake gina Nijar, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. A cikin watan ne kuma ƙasar ta sanar da ficewa daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Sai dai ɗalibin lise a Birnin Ƙonni ko Malbaza ko Illela har yanzu da Faransanci yake karanta lissafi da falsafa, da shi kuma yake rubuta jarrabawar BAC.

Tsarin karatun gado ne daga Faransa. Yaro yana yin shekara huɗu a kwaleji ya zana BEPC, sannan ya yi uku a lise, inda ake raba ɗalibai rukuni-rukuni: A na adabi da falsafa da harsuna, C na lissafi da fiziks, D na lissafi da kimiyyar halittu. Babu darasin addini a makarantun gwamnati na gama-gari. Uban da ke son ɗansa ya haɗa boko da Larabci da addini sai ya kai shi Franco-Arabe, tsarin da ya fara a garin Say a 1957.

Abin dubawa shi ne ko waɗannan darussa sun yi daidai da abin da ke ƙofar gida. A Malbaza akwai masana'antar siminti tun shekarun 1960. Albasar Galmi ta yi suna har kasuwannin Accra da Abidjan, ga gandun noman rani na Ƙonni. Ga kuma asibitin Galmi, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1950, inda marasa lafiya ke zuwa har daga Najeriya. Duka waɗannan wurare masu kimiyya suke nema: injiniya, malamin gona, ma'aikacin jinya, mai gwajin jini. Amma rukunin C da D suna buƙatar ɗakin gwaje-gwaje da ƙwararrun malaman lissafi, abubuwan da makarantun karkara suka fi rasawa. Yaron da ya bi rukunin adabi don shi ne kawai ya samu, idan bai dace da aikin gwamnati ba, sai ya bi sahun yayyensa zuwa cirani, abin da jihar Tahoua ta daɗe da sani.

Batun harshe shi ne tushen matsalar. Yaro ya tashi da Hausa a gida da kasuwa, ranar farko a aji a tarbe shi da harshen da bai taɓa ji ba. Kafin ya gane tambaya, darasi ya wuce. Nijar ta san wannan, domin tun 1973 ta fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan gida gurbi. Gwajin dai bai taɓa zama tsarin kowa da kowa ba, bai kuma kai ga lise ba.

Tarihin makarantun mishan yana da abin lura a nan. Mishan ɗin Lutheran na ƙasar Denmark, wanda Dakta Niels Bronnum ya kafa a Numan ta Adamawa a 1913, ya yi amfani da Hausa wajen koyar da karatu da rubutu ga al'ummun da ba Hausawa ba, kuma an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Manufarsu ta addini ce, shi ya sa iyaye Musulmi da yawa suka ƙaurace wa boko. Duk da haka sun nuna cewa harshe ba ya zama na makaranta sai an zauna an rubuta littattafai, an horar da malamai.

Tsallaken iyaka kuwa, a ɗaya Illelar ta jihar Sokoto, guguwar ta juya wata fuska. A Nuwamban 2025 ministan ilimin Najeriya Tunji Alausa ya sanar da soke manufar koyarwa da harshen uwa ta 2022, ya mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga firamare, yana mai ɗora alhakin faɗuwar jarrabawa a kan tsarin. Masu suka sun ce ba a ma aiwatar da manufar yadda ya kamata ba, balle a yanke mata hukunci. Ke nan garuruwa biyu masu harshe ɗaya da auratayya da kasuwa ɗaya sun kama hanyoyi mabambanta.

Wannan ya shafi 'yan cirani kai-tsaye, domin da yawansu su ne ke turo kuɗin makarantar ƙannensu. Takardar BAC ta Faransanci tana buɗe ƙofar Jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua da jami'o'in Dakar ko Rabat. Ingilishi yana buɗe ta Sokoto da Zariya. Hausa kuwa ita ce ke sa yaro ya fahimci abin da ake faɗa tun farko. Zubar da ɗaya don ɗaya asara ce ga yankin da ke rayuwa da kan iyaka.

Abin da zai nuna ko sauyin na gaske ne ba ya cikin jawabai. Yana cikin ko za a ga littafin lissafi na Hausa a hannun ɗan aji ɗaya, ko makarantun horar da malamai za su fara yaye masu koyarwa da harsuna biyu, da kuma ko lise ɗin Malbaza da Illela za su samu ɗakin gwaje-gwaje mai aiki. Kafin nan, iyaye za su ci gaba da biyan kuɗin karatun da ba su da tabbacin inda zai kai 'ya'yansu.