Allurar da ke Cewa "Lafiya Lau" Ba Shaida Ba Ce

Masu sayar da tsohon bawul, wato kwan gilashin nan marar iska da ke cikin tsofaffin rediyo da na'urorin ƙara sautin gita, suna da kalma guda da suke rufe bakin mai saye da ita: "an gwada." Wanda ya biya kuɗi a kan wannan kalma kaɗai ya yi cinikin biri a sama.

Yawancin na'urorin gwaji masu araha, irin waɗanda aka riƙa girkewa a kantunan magani na Amurka a shekarun 1950 da 1960, abu ɗaya suke dubawa: ko katod na fitar da lantarki in ya yi zafi. Suna haɗe raga da faranti wuri guda, allura ta karkata zuwa kore, shi ke nan. Alhali aikin bawul shi ne ƙaramin canji a kan raga ya juya babban kwarara a faranti. Bawul na iya cin waccan jarrabawa ya kuma kasa aiki a cikin na'ura.

Awo na gaskiya ba sirri ba ne. A ɗauki 12AX7: a ba zarensa volt 6.3, faranti volt 250, raga volt 2 ƙasa da sifili. Lafiyayye zai ja kusan miliamfiya 1.2. A ɗan motsa ragar, a raba canjin kwarara da canjin volt. Amsar ta kamata ta kusanci miliamfiya 1.6 a kowane volt. Taransifoma, mazaunin bawul da mita biyu na cikin 'yan kayan da ake buƙata. Wannan ƙarfin juyawa ne na'urorin Hickok da AVO suke aunawa, shi ne kuma ya sa har yau suke tsada.

Masu suka na cewa volt 250 na kisa, kuma kapasita na riƙe caji bayan an kashe wuta. Gaskiya ne, amma maganinsa fis, akwati rufaffe da resista mai zubar da caji. Wasu kuma na cewa taransista ta binne bawul tun 1947. To, me ya sa farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a 2022, da yaƙin Yukiren ya toshe hanyar kayan masana'antar Saratov ta Rasha?

Kayan da ke ƙaranci su ne aka fi yi wa algus. Mai gyaran da ya haɗa ma'auninsa yana tambayar ɗan kasuwa lamba, kuma lamba ba ta jin lallashi.